Mutum ɗaya, kiɗan mutum biyar: bayani kan lufin da kiɗan ambiyen

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kwanakin baya na ga bidiyon wani mawaƙi a YouTube, shi kaɗai a kan dandamali, daga shi sai jitarsa da wani ɗan akwati a ƙasa da yake ta takawa da ƙafa, amma kafin a yi minti biyu sai na ji kamar mutum biyar ne suke kiɗa, har da 'yan amshi. Abokina ya ce yaudara ce, wai an riga an ɗauki kiɗan a situdiyo, shi kuwa motsa baki da hannu kawai yake yi. Shin haka abin yake? Idan ba haka ba ne, ta yaya mai sauraro zai gane gwani a wannan fanni? Na biyu kuma, ni mai karatun dare ne, kuma waƙa mai kalmomi tana ɗauke mini hankali. An ce akwai wani kiɗa mai sanyi da ake kira ambiyen, ina so a ba ni shawarar inda zan fara. Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Tambayoyin nan naka biyu, ko da yake ka kawo su a rarrabe, tushensu ɗaya ne, domin dabarar da mawaƙin nan ya yi amfani da ita da kiɗan da kake nema don karatun dare duk daga zaren tef guda suka fito. Bari mu fara da abin da ka gani da idonka.

Ɗan akwatin nan da yake takawa sunansa lufa, aikin da ake yi da shi kuma ana kiransa lufin. Ba komai ba ne illa na'urar ɗaukar sauti mai feda, wadda ake sarrafa ta da ƙafa saboda hannuwa suna kan kayan kiɗa. Idan makaɗi ya taka fedar karo na farko, sai ta fara ɗaukar abin da yake kaɗawa. Idan ya sake takawa, sai ta rufe ɗaukar nan take, ta shiga maimaita wannan guntun sautin ba tsayawa, ƙarshensa yana komawa farkonsa kamar zobe. Wannan guntun shi muke kira zagaye. Daga nan makaɗin yana iya ɗora wani sauti a kan na farko, ya ɗora na uku a kan na biyu, duk a gaban jama'a, har ya tara ganga da bes (jita mai kaurin amo) da jita da amshi alhali shi kaɗai ne a tsaye. Saboda haka 'yan amshin da ka ji muryarsa ce, wadda ya rera daƙiƙu kaɗan da suka wuce, take dawo masa.

A faɗe abin kamar wasan yara ne, a aikace kuwa nan ne gizo ke saƙa. Na'urar ba ta da kunne, ba ta kuma da kara. Idan ƙafar makaɗi ta makara da ɗan ƙiftawar ido wajen rufe zagayen farko, wannan ɗingishin zai zauna a cikin kiɗan, ya riƙa dawowa a kowane juyi. Ɗauki zagaye mai tsawon daƙiƙa 4 a cikin waƙa mai minti 4: kuskuren zai dawo sau 60, kuma kowane sabon sauti da aka ɗora a kansa zai gaji wannan karkatar. Na sha ganin masu koyo, waɗanda hannunsu ya faɗa sosai a kan jita, suna yin makonni kafin ƙafarsu ta iya sauka daidai kan bugun farko. Mai kiɗa a cikin ƙungiya idan ya yi tuntuɓe abokan aikinsa suna rufa masa asiri, su ja baya kaɗan ko su matso gaba har a daidaita. Mai lufa ba shi da wannan gatan.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga kiɗan da aka gina a kan maimaici. Idan ka saurari Alhaji Mamman Shata, za ka ji makaɗan kalangu suna riƙe da taken guda, 'yan amshi suna dawowa kan layi guda, shi kuwa yana yawo a samansu yana zuba baituka yadda ya ga dama. Ɗan Maraya Jos kuma ya nuna cewa mutum ɗaya da kuntiginsa ya isa ya cika fili. Mai lufin yana tsakanin waɗannan biyun ne: shi kaɗai ne kamar Ɗan Maraya, amma yana gina wa kansa makaɗa da 'yan amshi kamar na Shata. Sai dai kada a kai kwatancen nesa, domin 'yan amshi mutane ne masu jin numfashin ubangidansu, suna ɗaga murya idan fili ya yi zafi, suna sassautawa idan ya lafa, ita kuwa na'ura abin da aka ba ta shi take mayarwa, ba ragi ba ƙari.

Asalin dabarar ya girmi waɗannan ƙananan akwatunan da shekaru masu yawa. A 1963, a birnin Faris, wani mawallafin kiɗa ɗan Amurka mai suna Terry Riley yana aiki da mai busa kakaki Chet Baker, sai aka haɗa masa manyan rikodoji biyu masu faifan zare, aka jera su gefe da gefe. Zaren tef yana fitowa daga rikoda ta farko, wadda take ɗaukar sauti, ya ratsa sararin da ke tsakaninsu, ya shiga ta biyu, wadda take kunna abin da aka ɗauka, sannan a mayar da wannan sautin cikin ta farko ya haɗu da sabon abin da ake kaɗawa. Tazarar da ke tsakanin rikodojin ita ce take yanke tsawon jinkirin. Idan zaren yana tafiya santimita 19 a daƙiƙa, kamar yadda aka saba a irin waɗannan injuna, to tazarar mita ɗaya tana ba da jinkirin daƙiƙa 5 da 'yan kai. Abin da ya fi daɗi a wannan tsarin shi ne kowane dawowa yana ɗan dusashewa, tsohon sauti yana nutsewa a hankali yayin da sabo yake hawa kansa. Riley ya yi ta kaɗa wannan har a zaman kiɗa na tsawon dare, kuma ana jin salon a kundinsa na 1969, A Rainbow in Curved Air. Bayan 'yan shekaru, a Ingila, mai tsara kiɗa Brian Eno ya haɗa wa makaɗin jita Robert Fripp irin wannan tsari da rikodoji biyu samfurin Revox, suka fitar da No Pussyfooting a 1973 da Evening Star a 1975. Ka riƙe sunan Eno, za mu dawo kansa.

Da fasahar dijital ta zo, sai rikodoji biyu masu nauyi suka koma akwati ɗaya: Lexicon JamMan a 1993, Line 6 DL4 a 1999, Boss RC-20 a 2001, sai ƙaramar Ditto ta kamfanin TC Electronic a 2013, wadda feda ɗaya ce da maɓallin murɗawa ɗaya. Yanzu har a wayar hannu akwai manhajojin da suke yin wannan aiki.

Idan kana son ganin aikin a fili, inda babu abin da aka ɓoye, nemi bidiyon KT Tunstall, 'yar ƙasar Sikotlan, a shirin talabijin na Jools Holland a BBC a 2004, lokacin da ta rera Black Horse and the Cherry Tree. An kira ta ne a ƙurarren lokaci don ta maye gurbin wani baƙo da bai samu zuwa ba, ta zo ba ta da ƙungiya. Ka sa ido a kan ƙafarta. Tana fara bugun jita a kame don samar da ganga, ta taka feda, bugun ya fara juyawa da kansa. Ta matso makirufo ta rera ɗan guntun amshi, ta ɗora wani a kansa da wata murya, ta ƙara tafi da kacau-kacau, sannan ta shiga waƙar sosai. Cikin ɗan lokaci kaɗan ginin ya tashi, kuma kowane tubali ka ga lokacin da aka aza shi. Wannan ganin shi ne rabin daɗin lufin, kuma shi ya sa jin sa a rediyo bai kai kallonsa ba.

Game da zargin abokinka, ba shi ne farkon wanda ya yi shi ba. Mawaƙin Ingila Ed Sheeran, wanda ya cika filin wasa na Wembley da ke Landan dare uku a jere a watan Yuli na 2015 daga shi sai jita da lufa, ya sha irin wannan zargin bayan wasansa a bikin Glastonbury na 2017, har sai da ya fito ya yi bayani cewa duk abin da aka ji a nan take ya kaɗa shi. Amma kuma ba zan ce shakkar abokinka ba ta da gurbi ba, domin akwai masu haɗa lufin da sautukan da suka riga suka adana a kwamfuta, wasu suna faɗa, wasu suna yin shiru. Hanyar ganewa ba ta da wuya: duk sautin da ya shigo kunnenka, ka tambayi kanka ko ka ga lokacin da aka kaɗa shi. Idan kwatsam ka ji goge ko cikakkiyar ganga sun faɗo alhali mutumin bai taɓa komai mai kama da su ba, to daga ajiya suka fito. Haka kuma ɗan kuskure da yake dawowa a kowane juyi, kamar ƙarar yatsa a kan tsirkiya ko tarin wani ɗan kallo da makirufo ya kama, shaida ce mai ƙarfi cewa a wurin aka ɗauka.

Sai batun gane gwani, kuma a nan ra'ayina zan faɗa. Tara sauti a kan sauti ba shi ne gwaninta ba, kowa zai iya bayan wata uku. Cutar da ta fi damun masu lufin ita ce cika miya da kayan haɗi: mutum ya yi minti uku yana gini kafin ya buɗe baki, ya ɗora abu takwas a kan juna har kiɗan ya zama taɓo, kuma saboda zagayen farko ya ɗaure shi, waƙar ba ta iya sauya hanya daga farko har ƙarshe. Gwani shi ne wanda ya san lokacin cirewa. Za ka ji ya kashe komai ya bar murya tsirara, sannan ya dawo da ganga a daidai inda ranka yake jiranta, ko ya share zagayen gaba ɗaya ya shiga wani sabo ba tare da ka ji gaɓar ba. Andrew Bird yana yin wannan da gogen Turawa da fito, yana tsinkar tsirkiya da yatsa don kafa ƙasa sannan ya ja izga a sama. Zoë Keating tana gina abin da ya yi kama da taron masu goge da babban gogenta guda ɗaya. Juana Molina ta ƙasar Ajantina tana karkata zagayenta da gangan har su yi kamar za su rabu amma ba su rabu ba, kuma a ganina tana cikin waɗanda suka fi kowa fahimtar abin. Ita kuwa Julianna Barwick muryarta kawai take ɗorawa a kan muryarta, galibi ba kalmomin da za ka kama, har ta zama kamar hazo. Kundinta The Magic Place na 2011 yana tsaye ne a daidai kan iyakar tambayarka ta farko da ta biyu.

Kalmar ambiyen tana nufin abin da ya kewaye mutum, kamar iska ko haske, kuma Brian Eno ne ya liƙa ta ga wannan kiɗa. Kamar yadda shi da kansa ya bayar da labari, a farkon 1975 mota ta buge shi, yana kwance yana jinya sai wata ƙawarsa ta kawo masa faifan kiɗan molon Turawa na ƙarni na 18. Da aka kunna faifan sai ya zama sautin ya yi ƙasa ƙwarai, sifika ɗaya ma ba ta aiki, shi kuma ba shi da ƙarfin tashi ya gyara. Dole ta sa ya saurare shi a haka, kiɗan yana cuɗanya da ƙarar ruwan sama, wani lokaci ya bayyana wani lokaci ya ɓace. Daga wannan ya fahimci cewa kiɗa yana iya zama wani ɓangare na ɗaki, ba lallai sai ya zama abin da aka zuba wa ido ba. A shekarar ya fitar da Discreet Music, wanda gefensa na farko kusan minti 30 ne na 'yan gajerun layuka biyu suna zagayawa ta cikin rikodoji biyun nan da na bayyana maka. Tunanin kansa ba sabo fil ba ne, domin tun wajen 1917 Erik Satie na Faransa ya yi maganar kiɗan da zai zauna a ɗaki kamar kujera da tebur, amma Eno ne ya mayar da shi fanni mai suna.

Inda nake ba kowa shawarar farawa shi ne Music for Airports na 1978, wanda tunaninsa ya zo wa Eno yana zaman jiran jirgi a filin jirgin sama na Kolon a Jamus. Kashi huɗu ne. Na farko fiyano ne mai tafiya a hankali na kimanin minti 17, na biyu kuma muryoyi ne kawai suna jan sauti guda-guda. Yadda aka yi na biyun ya cancanci a tsaya a kansa. An ɗauki kowace murya a kan nata zaren tef, aka haɗa bakin zaren da ƙarshensa, amma aka sa tsawon zarurrukan ya bambanta, sannan aka sake su suna juyawa tare. A misali, idan wani zagaye yana dawowa bayan daƙiƙa 20, wani kuma bayan daƙiƙa 23, ba za su sake haɗuwa a inda suka fara ba sai bayan daƙiƙa 460, wato kusan minti 8. Idan zagayen sun kai shida ko bakwai, to kafin su koma yadda suka fara kiɗan ya daɗe da ƙarewa. Saboda haka kullum abu ɗaya kake ji, amma ba ka taɓa jin sa a tsari ɗaya sau biyu ba. Wannan ne ya sa yake dacewa da karatu: babu abin da zai fizge ka daga littafi, amma duk lokacin da ka ɗaga kai za ka tarar da wani abu ya ɗan motsa. Eno ya rubuta a jikin faifan cewa burinsa shi ne kiɗan da za a iya yin biris da shi, a kuma iya sauraronsa da kyau, duka biyun daidai wa daida.

Bayan wannan, don karatun dare, sai The Plateaux of Mirror na 1980, wanda Eno ya yi da mai fiyano Harold Budd, da Thursday Afternoon na 1985, wanda guda ɗaya ne mai tsawon awa ɗaya da ɗan ɗoriya, ya isa zama ɗaya na bita. Daga Japan akwai Hiroshi Yoshimura, wanda ya yi Music for Nine Post Cards a 1982 da Green a 1986. Nasa ya fi na Eno haske da sauƙin shiga, kuma idan da mutum ɗaya zan zaɓa wa wanda bai taɓa jin wannan fanni ba bayan Eno, shi zan zaɓa. Idan kana son abu mai faɗi da nauyi, wanda goge da kakaki suke tashi a hankali kamar gajimare, nemi And Their Refinement of the Decline na ƙungiyar Stars of the Lid, na 2007, mai tsawon kusan awa biyu.

Akwai kuma waɗanda suna da kyau matuƙa amma ban ba ka shawarar buɗe littafi a kansu ba. Selected Ambient Works Volume II na Aphex Twin, na 1994, yana da sassa masu sanyaya rai, yana kuma da waɗanda za su sa ka waiwaya bayanka idan kai kaɗai ne a ɗaki da ƙarfe biyun dare. The Disintegration Loops na William Basinski kuwa labarinsa daban ne. A 2001 ya ɗauko wasu tsofaffin zagayen tef da ya yi tun shekarun 1980 don ya mayar da su dijital, sai ya lura cewa duk juyin da zaren ya yi, garin ƙarfen da ke riƙe da sautin yana zubewa kaɗan-kaɗan. Bai tsayar da injin ba, ya bar shi yana ɗauka har kiɗan ya cinye kansa. Kashi na farko ya fi awa ɗaya, ɗan layi ne guda mai kama da busa yana dawowa, kowane dawowa da sabon rami a jikinsa, har ya rage sai kufai. Ya kammala aikin a daidai lokacin harin 11 ga Satumba, wanda ya kalli hayaƙinsa daga saman rufin gidansa a unguwar Brooklyn ta birnin New York, kuma hoton wannan hayaƙin ne a bangon kundin. Irin wannan zama ake yi a saurare shi, ba a haɗa shi da lissafi ko haddar darasi.

Kada kuma ka ɗauka sai an tsallaka teku. A Yamai, Mamman Sani ya ɗauki kundinsa na farko a 1978 da ogan na lantarki samfurin Orla, ƙirar Italiya, kuma shekaru da dama gidajen rediyo da talabijin na Nijar suna sanya kiɗansa a tsakanin shirye-shirye, har mutane da yawa suka san sautin ba su san mai shi ba. Kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da kundin a 2013 da sunan La Musique Électronique du Niger. Shi bai kira aikinsa ambiyen ba, kuma akwai ɗan bugun ganga na cikin ogan a ƙarƙashinsa, amma yadda yake ɗaukar karin waƙoƙin gargajiya na yankin ya riƙa juya su a natse ya sa yana yin aikin da kake nema, kuma kunnenka zai gane hanyar tun daga layin farko. Daga Nairobi kuma akwai matashi KMRU, jikan shahararren mawaƙin Kenya Joseph Kamaru, wanda yake haɗa sautukan da ya ɗauko a titi da cikin gida da dogayen amo na lantarki. Kundinsa Peel ya fito a 2020.

Saura yadda za ka saurara, domin wannan kiɗa yana da saurin lalacewa a mugun wuri. Sifikar waya ba ta fitar da amon ƙasa, kuma rabin jikin Stars of the Lid ko KMRU a can ƙasan yake, saboda haka ka nemi abin sawa a kunne ko ƙaramar sifika mai ɗan nauyi. Ka rage sauti har ya zama kana jin motsin takarda idan ka juya shafi. Idan ya rufe wannan, ya yi yawa. Tun da guda ɗaya yana iya kai awa, gara ka sauke shi a waya lokacin da kake da data mai araha, kuma hakan zai raba ka da tallan da yake faɗowa a tsakiyar kiɗa ya rusa natsuwar da aka yi minti ashirin ana ginawa. Ka guji jerin nan marasa suna da ake yi wa laƙabi da kiɗan barci ko kiɗan karatu, domin yawancinsu zagaye ɗaya ne aka bari yana juyawa ba abin da yake motsi a cikinsa, kuma bayan rabin awa kunne yana gajiya da su. Idan janareton maƙwabta yana ruri, kada ka yi gasa da shi ta hanyar ƙara sauti. Ka sa Discreet Music a ƙasa-ƙasa ka bar su su cuɗanya, kamar yadda ruwan sama ya cuɗanya da faifan da aka kunna wa Eno a gadon jinya.